Ranar Da Ruwa Ya Ɗauke Mana Sigina

Har yau ban manta da wata Asabar ta tsakiyar damina ba, a shekarata ta farko a tashar wasanninmu ta kebul. Lokacin wayarmu ba ta wuce unguwar Gada Biyu ba, kuma ƙwallon Turai kaɗai muke haskawa. Ni ne ƙaramin jami'in ɗakin watsawa, ban daɗe da gama bautar ƙasa ba, ko wata uku na gwaji ban cika ba.

Ga wanda bai san aikin ba: tauraron ɗan adam ke turo mana wasa, faranti ya kama, mu rarraba wa gidaje. In sigina ta ɗauke, doka ita ce a sa allon ban haƙuri, a jira.

Ana cikin babban wasa bayan la'asar, ruwa ya kece har da ƙanƙara. Hoto ya tafi. Na sa allon, wayar tarho ta yi ta ƙara. A aljihun tebur akwai kaset ɗin da na ɗauka da kyamarar ofis, wasan ƙwallon 'yan kasuwar katako da makanikan Gada Biyu. Na daɗe ina jujjuya shi, sannan na sa. Da sigina ta dawo, na cire shi da sauri, ina fatan Oga Pam, manajanmu, bai gani ba.

Ranar Litinin ya kira ni. Na tarar da wani dattijo a ofishinsa, Alhaji Sabo, shugaban ƙungiyar 'yan katako. Na ce a raina shi ke nan, aiki ya tafi.

"Kai ne?" in ji Alhaji.

"Ranka ya daɗe, wataƙila kuskure ne..."

"Kuskure mana! Yaronmu ya yanke mutum biyu, saura gola, sai ka mayar mana da Turawa? Makanikan nan har yau cewa suke ba a ci su ba!"

Oga Pam ya kalle ni. "Sauran kaset ɗin yana nan?"

"Ina jin yana nan, Oga."

"Kana ji, ko yana nan?"

Asabar ta gaba muka haska shi har ƙarshe. Daga nan shirin wasannin unguwa ya samu gurbi duk mako, kuma kafin shekara ta zagayo wayarmu ta isa Katako da Dutse Uku. Ba zan ce kaset ɗin ne kaɗai ya jawo ba, amma an tabbatar da ni a aiki.

Abin da na koya, in ban yi kuskure ba: mai kallo zai yafe maka ɗaukewar sigina, amma ba zai yafe ka yanke masa ƙwallon ɗan unguwarsu ba.