Hoton Kan Baba a Sakkwato

Mun tashi da asuba daga Tsamaye, ni da kawuna da matar yayana, Baba yana kwance a amalanken shanu, mun yi masa matashi da zane. Jiya da la'asar aka tsince shi a gona, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, baki ya karkace, magana ta ɗauke. Ya je sake shuka ne, don ta farko ta ƙone a ƙasa. Ba mu iya fita a ranar ba, hanyarmu ba a bin ta idan rana ta yi sanyi, saboda 'yan bindiga. Yayana kuwa yana kudu cin rani.

A Sabon Birni ma'aikacin asibiti ya auna jininsa, ya ce ya hau sosai, amma ba zai taɓa shi da wani magani mai ƙarfi ba sai an ga cikin kan. Ko jijiya ce ta fashe, ko gudan jini ne ya toshe ta, kuma maganin ɗaya guba ne ga ɗaya. Na'urar da ke gani tana Sakkwato.

Muka ɗauki shatar wata tsohuwar mota da sai an tura take tashi. Direban ya ce yau ko kyauta ba ya bin hanyar Isa, ta Goronyo za mu bi. Gonaki dama da hagu fari fat, kamar an share su don baƙi. Shanu suna tsaye a gindin aduwa, kana iya ƙirga haƙarƙarinsu daga cikin mota. A Goronyo na sayi fura, mai furar ta ba ni haƙuri tun kafin in ɗanɗana, ta ce gero ya yi tsada, nonon ma rabinsa ruwa ne. Na ɗiga wa Baba da cokali, ta zubo ta gefen baki. Idonsa yana kaina, cike da maganar da ta rasa ƙofa.

Mun shiga Sakkwato da azahar. Kawu ya leƙa ɗakin na'urar, ya ja baya, ya ce, "Wagga ai rijiya ta a kwance. Ciki za a sa shi?" Ko ni sai da na murmusa.

Likitar, wata mace mai sanyin murya, ta tambaye mu wa ya gan shi lafiya na ƙarshe, kuma yaushe. Muka dubi juna. Can matar yayana ta ce ita ta kai masa abinci gona jiya da hantsi.

"Yaya kika ga fuskarsa?"

Ta sunkuyar da kai. "Likita, surukina na. Ban taɓa duban huskatai ba. Na aje kwano nesa, nig gaishe shi, yay yi wani gunaguni. Na ɗauka amsawa ta."

Kawu ya ce a hankali, "Haka munka koya musu."

Duk mun yi lissafin a zuci: wataƙila tun lokacin abin ya fara, kuma da hantsi hanya a buɗe take.

Aka kafa hoton a jikin fitila. Kan Baba ya fito kamar ƙwarya da aka raba biyu, a hagu akwai wani duhu mai faɗi. Likita ta ce toshewa ce, ba fashewa ba, kuma wurin nan mai duhu ya riga ya mutu. Ta ce a sa'o'in farko akwai gefen da bai mutu ba, ya dai yi yaushi, ana iya ceto shi. Abin da masu bincike ke nema ke nan: hoton da zai bambanta yaushi da mutuwa da sauri, ya faɗi lokacin da abin ya fara ko da ba wanda ya gani, da na'ura ƙarama wadda za ta iya zama a gari kamar namu. Na tambaye ta ko Baba zai sake magana. Ta ce ba za ta yi mini alkawari ba.

Bayan kwanaki aka sallame mu da ƙwayoyi da koyarwar yadda za a riƙa motsa masa hannu. Muka dawo ta hanyar da muka je, sama ba ko gajimare.

Na koyi cewa nisa iri biyu ne. Akwai na Tsamaye zuwa Sakkwato, wannan hukuma ce za ta rage shi. Akwai kuma na tsakanin mai kawo abinci da fuskar mai ci, wannan mu muka gina shi da hannunmu, muna kiransa ladabi, kuma ba za ni ce ba ladabi ba ne.

Yanzu matar yayana ce ke ba Baba kunu. Dole ta dubi bakinsa don kada ya shaƙe. Ranar farko da ta dube shi, sai ya rufe ido, don ya rage mata kunya.