Yaya Rabi, Wadda Ta Sa Garinmu Ya Jira

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar yayata Rabi'atu, wadda kowa a gidanmu yake kira Yaya Rabi, har waɗanda suka girme ta. Ta rasu a tsakiyar damina, bayan jinyar da ba ta kai wata biyu ba. Ni ba ma'abocin rubutu ba ne, ɗan kasuwar hatsi ne a Kaura Namoda. Ɗan abin da na sani game da aikin hukuma daga bakinta na ji shi, tana zaune a bayan babur ɗina, tana magana iska na kwashe rabi.

Ma'aikaciya ce a sashen raya al'umma na ƙaramar hukumarmu. Sashe ne da ba a cika waiwayarsa ba: ɗaki ɗaya, tebur biyu, da kabad da ƙofarsa ɗaya ta ɓalle. Abin da aka san su da shi shi ne rabon keken ɗinki da injin niƙa idan babban baƙo zai zo, a ɗauki hoto, kowa ya watse. Da aka ba ta riƙon sashen, sai ta je ta sami shugaban ƙaramar hukumar na lokacin, ta ce tana son a rubuta tsarin aiki na shekara biyar, a san abin da za a fara da abin da zai jira, kuma mutanen ƙauyuka su ne za su faɗi bukatarsu da bakinsu. Mutum ne mai sauƙin kai. Ya ce ta je ta yi, amma ta sani babu mota.

Haka na zama direbanta. Duk ranar da ba ta kasuwa ba, mijinta Malam Sani zai rako ta bakin titi, ta hau, da littafin rubutu na 'yan makaranta a cikin leda saboda ruwa. Idan mun isa gari za ta fara gaida mai gari, ta zauna ta saurari maza a gindin bishiya, sannan ta bar ni a waje ta shige cikin gidaje. Daga inda nake sai in riƙa jiyo dariyar mata, domin tana shiga take karɓar taɓarya, ita kuwa Yaya Rabi ba ta taɓa iya daka ba. Ta san ba ta iya ba. Ta ce da gangan take yi, don matar da ta yi maka dariya ba za ta ji nauyin gaya maka gaskiya ba. Tambayarta ɗaya ce a ko'ina: idan abu ɗaya kaɗai za a yi muku, me za a yi?

Akwai wata tunga da ake kira Tungar Rini, a hayin wata ƙorama da ke cika maƙil da damina. Maza sun ce taki suke so. A cikin gida kuwa, wata tsohuwar ungozoma, Inna Dije, ta kama hannunta ta ce, "Ɗiyata, keken ɗinki mun gode. Amma keke ba shi ƙetare ƙorama da mai naƙuda." Ta ba ta labarin yadda suka wuni a bakin ruwan da jikarta kwance a kan amalanke, suna hangen hanyar asibiti a ɗaya hayin, har abin da ke cikin ya koma. Ba ita ce ta farko ba, in ji tsohuwar. Da Yaya Rabi ta fito, ta maimaita mini labarin, ta rubuta kwalbati a littafinta.

Mu kuma asalinmu wani ƙauye ne kusa da Badarawa, can danginmu suke. Rijiyar garin ta tsufa, bakinta yana zubewa, da rani mata sai sun yi tafiya mai nisa kafin su cika tulu. Ranar da muka je can, Kawu Lawali, ƙanen mahaifiyarmu kuma babba a garin, ya sa aka yanka mana zabi. Babu wanda ya yi shakka. 'Yar gari ce ke riƙe da alƙalami, ai rijiyar burtsatse ta zo ke nan.

Da tsarin ya kammala, kwalbatin Tungar Rini ne a shekarar farko. Rufin wani ɗakin shan magani da iska ta yaye yana ta biyu. Rijiyar garinmu sai a shekara ta huɗu. Na ce mata ta bari labari ya kai musu ta bakin wani, ta ce a'a, da kanta za ta je ta karanta musu. Ta durƙusa a gaban Kawu a zaurensa, ta karanta tun daga farko har ƙarshe. Da ta gama, sai ya dube ta ya ce:

"Rabi, ashe bare sun hi miki danginki?"

"Kawu, ku kuna shan wahala kahin ku samu ruwa, amma kuna samu. Su can rai aka rasawa."

"To, tashi ki tai ki sha ruwan Tungar Rini."

Daga ranar ya daina amsa gaisuwarta. Abin ya kai shekara biyu. Ta aurar da 'yarta ta fari, Kawu bai zo ɗaurin aure ba, bai kuma aiko ba. Na ga yadda ta riƙa leƙen ƙofa ranar. Ba ta taɓa faɗin baƙar magana a kansa ba, duk Sallah kuma sai ta aika masa da yadi.

Ni ma ba zan wanke kaina ba. Na yi fushi. Ina ganin mutum ya samu dama sau ɗaya ya yi wa gidansu abu, ya ƙi. Sai na ce mata babur ya lalace. Mako uku ina wannan ƙaryar. Rannan da hantsi sai ga ta a rumfata a kasuwar Kaura. Ba ta yi mini maganar babur ba, ga shi kuwa a jingine lafiya lau. Ta zauna a kan buhun dawa, ta ɗauki tiya, duk wanda ya zo saye ta auna masa har da gyara mai tsoka. Da na ga za ta ƙarar mini da riba, ga maƙwabta suna ta yi mini dariya, na ce, "Yaya, tashi mu tai." Ta karkaɗe hijabinta ta ce, "Ashe an gyara."

An gina kwalbatin a ranin shekarar. Mutanen tungar su suka ɗebo yashi da duwatsu ta hanyar aikin gayya. Magina sun so su yi masa baki ɗaya, ta ce sai biyu, domin tsofaffin garin sun nuna mata a jikin wata tsamiya inda ruwa yake kaiwa idan ya yi ƙarfi. Aka yi ta ja-in-ja, ta ce ba za ta sa hannu a takarda ba sai an yi yadda tsofaffin suka ce. Aka yi baki biyu.

A shekara ta uku ciwon ya kama ta. Wata rana da la'asar muna zaune a tsakar gidanta sai muka ji sallamar Kawu. Ya zo tun daga ƙauye a motar kasuwa, riƙe da ƙwaryar fura a ɗaure cikin tsumma. Ya zauna a bakin ƙofar ɗakinta, ya kasa shiga. Ta ɗago kai da ƙyar ta ce, "Kawu, saura shekara guda." Ya ce, "Bar zancen ruwa, Rabi. Bar shi." Ya juyar da fuskarsa bango. Kwana tara bayan nan ta rasu.

Shekara ta huɗu ta zo, rijiyar burtsatse ba ta zo ba. An canza shugabanni, tsarin ya koma cikin kabad. Amma da rani ya yi, wata safiya sai ga mazan Tungar Rini a ƙofar gidan Kawu da diga da igiya da kwanduna. Babbansu ya ce, "Mun ji an ce sabili da mu anka sa ku jira. Ita ta tahi, mu muna nan." Suka haƙa sabuwar rijiya da hannu, su da samarin garinmu, aka ɗaure ta da siminti. Sun kwashe makonni suna aikin, kuma a zauren Kawu suke cin tuwo. Daga wannan rijiyar ake sha har yau.

Nakan tambayi kaina abin da za ta ce da ta ga yadda ƙasarmu ta koma. Tungar Rini yanzu babu kowa. 'Yan bindiga sun tashe ta, kamar yadda suka tashi ƙauyuka da dama tsakanin Shinkafi da Zurmi. Mutanenta sun watsu, wasu suna nan Kaura cikin kangaye da gidajen dangi. Wani daga cikinsu da ke dako a kasuwarmu ya gaya mini cewa da damina suka fito, ƙoramar a cike, kuma ta kan kwalbatin nan suka ƙetare da tsofaffi da yara da awaki. Ya ce da baki ɗaya aka yi masa, ruwan shekarar da ya tafi da shi tun kafin ranar. Ita don masu naƙuda ta gina shi. Ba ta taɓa kawo wa ranta gari guda zai bi ta kai yana gudu ba.

Na san za ta yi kuka. Na kuma san kukan ba zai daɗe ba. Garuruwanmu sun cika sun batse, ana gini a kan hanyar ruwa, Keke Napep ba ya iya shiga wasu lungunan, famfo ɗaya unguwa uku. Ina jin ana maganar tsare-tsare a rediyo, da manyan kalmomi, ban dai ga wanda ya shiga kangon nan ya zauna a kan tabarmar matan ya ji ta bakinsu ba. Ita da tuni ta shiga. Da kuma ta sake ɓata wa wani nata rai, domin duk wanda zai jera bukatun mutane da gaskiya dole ya ce wa wani ya dakata, kuma sau da yawa wanda zai ce wa ɗin na gida ne. Wannan ne ban gane ba sai bayan ranta.

Babu allo mai sunanta a ko'ina. Ba ta bar gida na kanta ba, ba ta bar mota ba. Ta bar 'ya'ya huɗu masu kunya, da miji da har yau idan an ambace ta sai ya yi mata addu'a, da mutanen wata tunga da suka rasa komai amma suka fita da ransu.

Makon jiya na je gaida Kawu. Ya tsufa ƙwarai, idonsa ya yi rauni, sai an ɗaga murya yake ji. Na gaya masa zan yi rubutu a jarida a kan Yaya Rabi, na kuma ce kada ya damu, zan tsallake zancen saɓaninsu. Ya laluba ya kama hannuna ya riƙe gam.

"Kak ka tsallake," in ji shi. "Rubuta ita ad da gaskiya, ni niy yi hushi. Ka sa sunana."

Na sa, Kawu. Allah Ya jiƙan Yaya Rabi, Ya yalwata mata kabarinta, Ya mayar da mutanen Tungar Rini gidajensu lafiya.