Daminar da Shanun Baffa Suka Dawo Daga Kudu

Da na yi ritaya daga koyarwa a Kankia, sai na koma gidanmu na gado a bakin Kaikai. Mai ɗakina ta riga ta rasu, yara kuma kowa ya kama gabansa, babban yana Kano, ƙanwarsa tana gidan miji a Katsina. Gidan ya yi mini yawa. Ɗakuna a kulle, tsakar gida daga ni sai kaji.

Ina da 'yan shanu farare da na gada, amma ba ni nake kiwonsu ba. Suna hannun wani Bafulatani da rugarsu take bayan gonarmu tun zamanin iyayenmu. Da kaɗan ya girme ni. 'Ya'yana sun tashi suna ce masa Baffa, har ni ma bakina ya saba. Shi ne mutumin da nake zama da shi daga la'asar zuwa magariba, ba lallai mu yi wata doguwar magana ba. Sai gonaki suka cinye burtali, makiyaya ta ƙuntata. Wata shekara bayan kaka ya koro mini shanuna har ƙofar gida, ya ce 'ya'yansa sun matsa a tafi kudu, inda ciyawa ba ta bushewa. Suka tafi. Da tsufana na koyi kafa turke da kwasar kashi.

Bayan tafiyarsu ɗana ya kawo mini wata saniya daga wata gona a Kano, mai baƙi da fari, ruwa biyu ce, ubanta irin na waje. Ya ce in riƙa samun madara. Saniya ce mai son mutum. In na shiga garke ita ke fara ɗago kai, ta biyo ni har bakin ƙofa. Ba na jin kunyar faɗa, akwai ranakun da ita kaɗai na yi wa magana.

An ɗauki shekaru kafin su Baffa su dawo. Farkon damina ne, gero ya fara rufe ƙasa. Ina gona na hango garke yana tahowa ta hanyar Dudunni, a hankali ƙwarai. Da suka matso sai na gane shanun Baffa ne. Shanun da na sani da tozo da sheƙi, ga su ana ƙirga haƙarƙarinsu, gashi a tsaitsaye, idanu na zubar da ruwa. Garken bai kai yadda ya tafi ba. Baffa na bayansu da sanda, shi ma ya zube.

Muka gaisa, muka daɗe riƙe da hannun juna.

"Baffa, me ya same su haka?"

"Sammore ne, Malam, cutar ƙudan tsando. Can akwai ciyawa, amma akwai tsando a bakin kowane rafi. Ga kaska kamar an zuba. Na ce wa yara gara mu koma gida."

A makon nan likitan dabbobi da ke zuwa mini daga Kankia ya zo duba saniyar nan tawa mai baƙi da fari, don tana da ciki. Na roƙe shi ya leƙa shanun Baffa. Ya je, ya buɗe fatar idonsu, ya duba dasashi, ya ɗebi jini a kunnen wasu. Da muka dawo gida ya zauna a zaure ya yi mini bayani. Ya ce jininsu ya yi ƙasa, kuma ba cuta ɗaya ba ce a jikinsu, akwai ta tsando, akwai ta kaska. Tsando babu shi a nan, amma bobuwa, ƙudan nan mai shan jinin shanu, tana iya cizon marar lafiya ta koma kan mai lafiya da jinin a bakinta, kuma damina lokacinta ne. Kaskar da suka zo da ita za ta zuba a ciyawa ta hau wasu.

"Fararenka za su iya jurewa," ya ce, "tun suna maruƙa kaska ke cizonsu, jikinsu ya saba. Wannan baƙuwar ce abin tsoro. Ba a nan ta tashi ba, ga jinin waje, ga ciki. Kada ka bari su haɗa makiyaya ko mashaya."

Washegari da la'asar Baffa ya zo. Ya zaga garke, ya shafa fararen ɗaya bayan ɗaya, ya tsaya yana kallon baƙuwar. Sannan ya ce, "Malam, ka sha wahala. Gobe a kwashe su a haɗa da nawa, kamar da. Ka huta."

Na gaya masa abin da likita ya ce, na yi ta neman kalmar da za ta sassauta maganar, ban samu ba. Ya saurara har na gama.

"To," ya ce. "Ba komai. Shanunka ne."

Bai zauna ba ranar. Kafin mako ya zagayo sun tashi daga tsohuwar rugarsu ta bayan gonata, sun koma hayin fadama. Ba ni na ce su tashi ba. Shi ya ga in dai nisa ake so, gara a yi shi sosai.

Ban taɓa ganin damina mai tsawo irin wannan ba. Na daina kai shanu tabki, ina ja musu ruwa a rijiya. Ciyawa ni ke yankowa in ɗauko a ka. In na sunkuya da lauje a bakin fadama, ina ɗagowa sai in hango shi can hayi, tsaye cikin shanunsa, malafa a kai. In ɗaga hannu, ya ɗaga. Ran Juma'a mu gaisa a bakin masallaci, yaya iyali, yaya dabbobi, kowa ya kama hanyarsa. Lokacin da yake kudu na san nisa ne ya raba mu. Yanzu kuwa ina jin kukan maruƙansa daga tsakar gidana.

Ana tsakiyar marka baƙuwar saniyar ta ƙi cin dusa. Ta tsaya kai a ƙasa, ta daina tuƙa, jikinta zafi kamar an fito da ita daga rana. Da hantsi na ga fitsarinta ja, kamar ruwan zoɓo. Na kira likita. Ya ɗaga wutsiyarta, ya duba tsakanin cinya da hantsa, ya nuna mini kaska ƙanana da idona bai gani ba. Ya ce mai yiwuwa a ciyawar da nake yankowa suka zo, kuma ba wanda zai iya cewa ta shanun wa ce, fadama ta kowa ce.

Ana bukatar mai riƙe ta a yi mata allura, ni kuma ba zan iya riƙe ta ni kaɗai ba. Muna cikin haka sai ga sallama. Baffa ne. Ya ga babur ɗin likita ya wuce, ya biyo. Bai tambayi komai ba. Ya ajiye sanda, ya kama hancinta da ƙaho, yana yi mata magana da Fillanci ƙasa-ƙasa har ta natsu.

Bayan likita ya tafi muka zauna a bakin garke. Na tambayi lafiyar nasa shanun. Ya ce an yi musu allura, wasu sun tashi, amma tsofaffin da masu ciki sun fi faɗuwa. Har da wata tsohuwar saniya da ya gada daga mahaifiyarsa.

"Baffa, ka yi fushi da ni."

"Ban yi hushi ba, Malam. Kunya na ji. Tun ina yaro mutane ke kawo mana shanu mu riƙe musu. Ban taɓa zaton za a wayi gari nawa ne abin gudu ba."

Muka zauna har aka kira la'asar, muka yi salla tare a zaure.

Saniyar ta rayu, amma ta yi ɓari bayan kwanaki, kuma ba ta ƙara murmurewa kamar da ba. Baffa ya riƙa leƙowa jefi-jefi har ƙarshen damina. Na sa rai in an yi girbi za su dawo bayan gonata shanu su ci kara. Sai ya zo ya ce 'ya'yansa sun sami wuri a gabas, wajen dangin uwarsu, kuma shi yanzu ba shi da ƙarfin yi musu gardama. Na raka su har bakin titi, na tsaya har suka tsallaka.

Yana kirana wani lokaci da wayar ɗansa. Layin ba shi da kyau inda suke. Yakan fara da shanu, ya tambaye su ɗaya bayan ɗaya, mai karyayyen ƙaho, mai jan kunne, baƙuwa. Ya ce in duba ƙarƙashin wutsiya, in duba cikin kunne. Sau da yawa kafin mu iso kan lafiyata da tasa layin ya yanke, sai in ci gaba da riƙe wayar a kunne na ɗan lokaci ko zai dawo.