Danƙon Jirgin Baba

Babana masunci ne a tafkin Madarunfa, kuma mutum ne mai taurin kai. Ƙafafunsa sun daina yi masa biyayya, iyo ya fi ƙarfinsa, amma kowa ya ce ya bar shiga ruwa sai ya sha harara.

Jirginsa na katako ya tsage a ciki tun ina budurwa. Da danƙon gamji yake liƙe shi. Sai ya sari bawon itacen, farin ruwa ya tsattsafo kamar nono, ya tara a ƙwarya ya dafa har ya yi tauri. Ranar gyara ya tausasa shi a ruwan zafi, ya cusa a tsagar da babban yatsa. In ya huce, ko ɗigo ba ya wucewa.

Wata bazara na zo ganin gida daga Ɗan Issa, na tarar zazzaɓi ya kwantar da shi. Jirgin na kife a bakin tafki, rana na dukansa. Da ya ɗan ji sauƙi, sai kawai na nemi mutum a shimfiɗa na rasa.

Na bi shi da fura a hannu, ina ta faɗa ni kaɗai. A inda jirgin ya daɗe a kife na ga wani baƙin layi a kan yashi. Na taɓa, ya kama mini yatsa. Danƙon ne zafi ya narkar, ya zube ta tsagar.

Can tsakiyar ruwa na hango shi, yana sunkuyawa yana ɗagowa. Komar kamun kifi yake ja, ko ruwa yake kwalfewa? Na yi kira har muryata ta dishe, iska na maido mini da ita. Sauran masunta duk suna wancan ƙetaren.

A hankali jirgin ya doso gaɓa, ya nutse har kusan baki. Baba ba riga, ya cusa ta a tsagar ya danne da gwiwa. Ya yunƙura zai tashi, ya kasa. Na shiga ruwan na goya shi, na ji ba shi da nauyin damin kara. Tsoro ya sake kama ni, ba na tafkin ba.

"Baba, mi ya kai ka?"

Sai da muka kusa gida ya yi magana a bayan kunnena.

"Ɗiyata, ki aika ma ƙanenki. Shi zo shi ɗauki jirgin."