Warin da ke Cikin Motar Darakta

Na manta abubuwa da yawa na shekarun aikina, amma akwai wata Alhamis da ba ta taɓa fita daga raina ba, ranar da aka fara ba ni cikin mota in gyara. A farkon shekarun tamanin ne, tsakiyar damina. Lokacin watana biyu da kama aiki a sashen motoci na wani ofishin aikin gona a nan Minna. Ina zaune a Barkin Sale da matata da 'yarmu ta fari, kullum da ƙafa nake takowa.

Bari in yi wa waɗanda ba su san tsarin ba bayani. Sashen motoci hawa uku ne. A sama akwai shugaban direbobi, shi ke raba aiki, shi ke riƙe makullai. Namu sunansa Baba Yohanna, mutumin kudancin Kaduna, tsohon direban soja. Ƙarƙashinsa sai direbobi. A can ƙasa kuma masu wanke mota, mu biyu. Sabon mai wanki gwajin wata uku ake ɗaukarsa. In shugaban direbobi ya sa masa hannu a tabbatar da shi, in bai sa ba ya koma inda ya fito. Kuma ba a ba sabo cikin mota. Taya, jiki, gilashi ta waje, nan aikinsa ya tsaya. Cikin mota na abokin aikina ne da ya daɗe a wurin, to a makon nan ya tafi garinsu an yi masa haihuwa.

Motar da ta fi kowace daraja a garejinmu ita ce farar salun ta Darakta, mai kujerun yadi ruwan toka. Direbanta Danladi, mutumin Paiko, mai 'ya'ya biyar, mutum mai sanyin hali da ko gardamar ƙwallo ba ya shiga. Ranar Juma'ar makon da ya wuce sun je rangadi ƙauyukan wajen Paiko sun dawo lafiya. Motar ta kwana biyu a rufe. Ranar Litinin aka fara jin wani ɗan wari a cikinta. Talata abin ya ƙaru. Ranar Laraba Darakta ya iso ofis gilasai huɗu a sauke, ana yayyafi, hannun rigarsa ya jiƙe, ya toshe hanci da hankici.

Danladi ya yi iyakar ƙoƙarinsa. Ya fitar da robobin ƙafa ya wanke, ya kwashe kayan but, ya leƙa ƙarƙashin inji ko ɓera ne ya mutu. Bai ga komai ba. Shi kuwa Darakta ya riga ya yanke hukunci a ransa: Danladi na kabu-kabu da motar ofis bayan an tashi, yana ɗaukar 'yan kasuwa da kifinsu. A ranar aka ba shi kwiri. Kwiri takarda ce da ake ba ma'aikaci ya kare kansa a rubuce cikin kwana ɗaya, kuma a shekarun nan ana sallamar mutum kan abin da bai kai wannan ba. An ce amsarsa ta isa teburin Darakta kafin ƙarfe biyu na ranar Alhamis.

Da safiyar Alhamis ɗin Baba Yohanna ya kira ni ya ɗora mini makulli a tafin hannu.

"Isiyaku, yau kai ne da cikin motar Oga. Ka yi a hankali, zan zo in duba."

Na ji kaina ya yi girma. Na gama gyara motar a raina tun kafin in buɗe ta, na ce yau za a san an ɗauki ma'aikaci. Da na buɗe ƙofa warin ya buge ni sai da na ja da baya. Na laluba aljihu na ɗauko 'yar kwalbar turaren da nake shafawa ranar Juma'a, na yayyafa rabinta a kan kujeru. Ban taɓa jin haɗi mai muni irin wannan ba. Ganin haka sai na kaɗa garin sabulu a bokiti har ya yi kumfa, na ɗaga zan sheƙa wa kujerar baya, kamar yadda nake yi wa taya.

"Ajiye."

Baba Yohanna ne a bayana. Bai ɗaga murya ba, amma hannuna ya tsaya a sama.

"Za ka yi wa kushin wanka ne? Soson da ke ciki in ya sha ruwan nan, wata guda ba zai bushe ba. Wari ɗaya muke da shi, kana so ka mai da shi biyu." Ya shinshina iska ya dube ni. "Uku. Wa ya zuba turare?"

Na ce ni ne. Ya ce in je in zubar da rabin ruwan, in zo da tsumma uku, buroshi mai laushi, tsohon buroshin haƙori da faranti. Sannan ya jawo benci ya zauna, ya ce shi ba zai taɓa komai ba, baki kawai zai sa.

A wannan safiyar na koyi tsarin da har yau nake koya muku. Farko a buɗe ƙofofi duka. A fitar da duk abin da ke fita, a zuba a faranti, ko tsinken sakace ne, don ba kai ne za ka ce abu ba shi da amfani ba. A fara daga sama a gangaro, saboda ƙurar rufi a kan kujera take sauka. A gama aikin busasshe kafin a kawo ruwa. Ba mu da injin zuƙe ƙura a lokacin, sai a bubbuga kujera da tafin hannu, a bi ɗinki-ɗinki da buroshi. Ramukan iska na dashbod da gefen giya, buroshin haƙori ke shiga. Tsumma kuma a matse shi har sai ya daina ɗiga, ɗaya na sabulu, ɗaya na ɗauraya, ɗaya busasshe. Ina yi Baba na gyara mini: "Ba haka ba. Kewaya hannunka. Kada ka goge sitiyari da mai, zai zame wa direba."

Na gama gaba tas, wari na nan. Baba ya ce in rufe ƙofofi na ɗan lokaci, in shiga, in bi shi da hanci. Na shiga da rarrafe ina shinshine-shinshine, direbobi biyu da ke jiran aiki suna ta dariya. Gaba da sauƙi. Ƙasan kujerun gaba ba komai. Da na zo tsakiyar kujerar baya, wurin da matashin ɗora hannu yake naɗewa ya shige cikin majingina, idona ya kawo ruwa.

"Baba, a nan yake."

Ya nuna mini inda ake danna kujerar baya a ɗaga ta, abin da ban san ana yi ba. Na cire ta na fitar waje. Ga wata babbar ambulan ruwan ƙasa ta zurma ta bayan matashin ta maƙale a ƙasa, ta jiƙe ta yi baƙi. Na ɗaga bakinta da tsinke. Ƙwan zabi ne, wajen goma, rabi sun fashe, sauran sun kumbura. A bayan ambulan ɗin kuma, da rubutun tafireta, ga sunan Darakta da muƙaminsa.

Na buɗe baki zan kira direbobin nan su zo su gani. Baba ya taka mini ƙafa. Ya juya ya aike su su duba iskar tayoyin babbar mota, sai da suka yi nisa ya ce, "Kai ka gani, kai za ka faɗa wa Oga. Haka dokar take."

"Baba, ni da ko tabbatar da ni ba a yi ba?"

"Zan tsaya kusa da kai. Amma ka fara gyara motar, kada Oga ya sauko ya ga ƙazanta."

Na yanke ɓangaren da ke da sunan na ajiye a faranti, sauran na haƙa rami bayan gareji na binne. Na kankare ƙarfen ƙasan kujera, na wanke da ruwan ɗumi da sabulu, na bi da lemon tsami. Ƙasan kushin inda ruwan ƙwan ya taɓa, na riƙa dannawa da jiƙaƙƙen tsumma ina tsanewa da busasshe, ban san sau nawa ba, har yatsuna suka yi fari. Muka jingina kujerar a rana. Hadari na haɗuwa ta gabas, ina aiki ina ɗaga kai. Baba ya sa na karɓo gawayi wurin mai abincin bakin ƙofa, muka zuba a kwano muka ajiye cikin motar ya sha abin da ya rage.

Duk wannan abin Danladi bai sani ba. Yana can ƙarƙashin bishiyar mangwaro da biro da takarda, ya rubuta ya yage, ya rubuta ya yage. Na so in je in faɗa masa, Baba ya ce mai abu ne ke fara ji.

Wajen ƙarfe ɗaya muka mai da kujera, yayyafi na farawa. Baba ya hau sama ya ce wa Darakta an gama, yana roƙon ya sauko ya duba da kansa. Ya sauko yana yamutsa fuska. Ya buɗe ƙofar baya, ya sa kai, ya ja numfashi. Ya sake ja.

"Me kuka samu? Kifi ne ko?"

Baba ya dube ni. Na durƙusa na miƙa farantin.

"Ranka ya daɗe, ƙwan zabi ne. A cikin wannan ambulan ɗin yake, ya faɗa bayan kujera ta wurin matashin hannu."

Ya ɗauki guntun takardar da yatsa biyu ya karanta sunansa. Na fara tunanin abin da zan gaya wa matata. Can sai ya dafe goshi.

"Tsohuwar nan," in ji shi. Ashe a ƙauye na ƙarshe wata tsohuwa ce ta biyo shi har mota da ƙwai a gefen zanenta, lokacin Danladi ya je neman ruwan lagireto. Babu abin zubawa, sai ya zare takardunsa ya sa ƙwan a ambulan, ya cusa a ramin matashi don kada ya fashe, ya naɗe matashin a kai. Kafin su iso Minna ya manta.

Ya tambayi wa da wa suka gani. Baba ya ce mu biyu ne kawai. Ya ce a kira masa Danladi, a kira sauran direbobi ma. Da suka taru ya faɗi abin da ya faru da bakinsa, bai rage komai ba, sannan ya ce, "Danladi, na zarge ka a kan laifina. Ka yi haƙuri. Kawo takardar nan in yaga."

Danladi ya tsaya riƙe da amsarsa a ninke. Maimakon ya yi godiya ya wuce, sai ya ce, "Ranka ya daɗe, akwai abin da na rubuta a ciki. Wata biyu da suka wuce na taɓa tsayawa a Sauka Kahuta na sayi busasshen kifi na kai wa iyalina da motar nan. Sau ɗaya ne. Na ɗauka shi ne ya tashi."

Baba Yohanna ya rufe ido.

Darakta ya dubi Danladi. "Kifin ya isa gida?"

"Ya isa, ranka ya daɗe."

"An ci?"

"An ci."

"To ka fi ni. Nawa ƙwan bai isa ba."

Dariyar da aka yi a garejin nan har masu tafireta suka leƙo ta taga. Ya karɓi takardar ya yaga ba tare da ya buɗe ba, ya ce nan gaba in za a tsaya a kasuwa a gaya masa, shi ma yana cin kifi. Ya shiga mota, ya shafa kujera, ya tambayi sunana. Ƙarshen watan da ya biyo baya Baba Yohanna ya sa mini hannu. Danladi kuwa ya ci gaba da tuƙa Darakta har Daraktan ya yi ritaya.

Abin da ya sa nake ba ku wannan labarin, ku da kuka fara shiga cikin motocin mutane, shi ne aikin ba a goge-goge ya tsaya ba. Mota ɗaki ne. Za ku tsinci takardar asibiti, za ku tsinci wasiƙa, za ku tsinci abin da mai motar bai faɗa wa ko na gidansa ba. Na ga masu hannu mai kyau da suka rasa aiki saboda baki, na kuma ga mutanen kirki da aka ɓata wa suna don ba wanda ya yi haƙurin ɗaga kujera ya duba. Abin da kuka gani, mai shi ne zai fara ji, a keɓe, kuma gaskiyarsa za ku faɗa ko da kuna jin tsoro. Wannan labarin ma ban fara ba da shi ba sai bayan da na ji Darakta da kansa yana ba da shi a wurin bikin 'yar Danladi, ya ƙara yawan ƙwan ya kai talatin.