Hedimastan da Ke Auna Turanci da Kunne

Hedimastanmu da kunne yake auna Turanci. Ba ya shiga aji sai da dalili mai ƙarfi. Da an buga ƙararrawa yara sun shige, masinja zai fito masa da kujerarsa gindin bishiyar maina, wato darbejiya, da ke tsakiyar makaranta, ya zauna, ya turo hula gaba, ya lumshe ido. Daga nan yake sauraron kowane aji. Inda malami ke faɗa yara suna maimaitawa har kwanon rufi yana amsawa, nan ake karatu. Ajin da ya yi shiru kuwa, ko malaminsa na gyangyaɗi, ko ya sulale wurin mai shayi.

Babarbare ne, dogo, da zanensa reras a fuska. Mutumin kirki ne ƙwarai, amma in ya kafe a kan abu sai dai ka haƙura. Ni kuma lokacin, cikin shekarun casa'in, Jihar Yobe tana sabuwa, fitowata ke nan daga kwalejin horon malamai, kaina cike da iska, ga saurin fushi. Aka ba ni Turancin aji biyar a wata firamare da ba ta da nisa da unguwarmu Hausari, a nan Potiskum.

Da farko na bi abin da na tarar. In faɗa, su maimaita. Muryata ba ƙarama ba ce, yaran kuma sun ƙware, har hedimasta ya yabe ni a gaban malamai, ya ce wannan yarinyar za ta yi nisa. Na koma gida ina jin kaina a sama.

Akuya ce ta sauko da ni. Wata rana ina tsakiyar darasi ta shigo ajin abinta, ta nufi teburina inda na ajiye ƙullin gyaɗata. Hannuna duk alli, ina can ƙarshen allo, sai na daka tsawa da Turanci na ce a kori akuyar nan. Yara suka miƙe ƙirji, suka maimaita da murya ɗaya, a kori akuyar nan. Na sake faɗa da ƙarfi ina nuna ta. Suka sake maimaitawa, har da nuna ta kamar yadda na yi. Babu wanda ya motsa. Akuya ta cinye gyaɗa, ta haɗa da takardar ƙullin, ta fita a natse. Da na leƙa ta taga, ga hedimasta can gindin maina yana gyaɗa kai don jin daɗi.

Abin ya ba ni dariya, daga baya ya ba ni haushi. Washegari na riƙa kiran yaran ɗaya bayan ɗaya, ina yi wa kowa tambayar da ba ta cikin littafi. Kowa sai ya sunkuyar da kai yana wasa da babban yatsan ƙafa. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, yaran nan ba daƙiƙai ba ne. Wannan Ngizimanci ake yi a gidansu, wancan Karekare, ga mai Bolanci, ga mai Fillanci, ga mai Barbarci. Da yawansu Hausar ma a waje suka tsince ta, wurin wasa da wurin aike, babu wanda ya taɓa jera su ya ce su maimaita. Yaron da ke da harshe biyu a baki, a ce na uku ne ya gagare shi? Ban yarda ba.

Na hana maimaitawa. Na ce daga yau kowa da bakinsa zai yi magana. Ajin ya yi tsit kamar gidan da aka yi baƙon kunya.

Ba a jima ba masinja ya zo ya ce ana kirana gindin maina.

"Malama, lafiya? Ajinki ya mutu."

"Bai mutu ba, ranka ya daɗe. Da can ma ba ji suke ba, maimaitawa kawai suke yi."

"Ni ma da maimaitawa na koya, ga ni hedimasta." Ya gyara hula. "Iyaye suna wucewa ta bayan tagarki, ba su jin karatu, suna zuwa suna tambayata. Ki saurara da kyau. Kafin hutu zan shigo ajinki da kaina. In na tambaya ba su amsa ba, Turanci ya bar hannunki. Ki koma aji ɗaya, can ana neman mai share majina."

Na ce na ji. A hanyar gida ina tafe ina masifa ni kaɗai, har wani mai amalanke ya tsaya yana kallona. Ina son ajin nan, kuma na tsani a ce na gaza.

Duk dabarar da na koya a kwaleji na gwada. Na zo da hotuna, na zo da kwano da tsintsiya, na yi lallashi, na yi faɗa. Kunya ta ɗaure musu baki. Yaro an raine shi kada ya dubi babba ya yi ta zuba, yanzu ga babba tana cewa ya tashi shi kaɗai ya yi magana da harshen da zai iya jawo masa dariya.

Akwai wata 'yar Fulani da ke zama a bencin baya, siririya, mahaifinta ya bar daji ya zauna a gari yana harkar shanu a kara, kasuwar dabbobi. Tun da na zo ban taɓa jin muryarta ita kaɗai ba. Wata rana lokacin hutun tara ina tsaye bakin ƙofa, sai na ji wani yaro Babarbare ya ce mata, 'yar Fillo, riƙe bango kada iska ta ɗauke ki. Kafin ya rufe baki ta juyo. Ta wanke shi tas, tun daga zanen kakansa har zuwa yadda Barebari ke gudu in saniya ta yi atishawa. Yara suka kewaye su ana shewa, shi ma yana dariya yana neman abin ramawa. Na tsaya baki buɗe. Ashe yarinyar nan rediyo ce.

Kowa ya san wasan da ke tsakanin Fulani da Barebari. Ba a fushi, ba a kai ƙara, kuma babu babba babu yaro. Nan ne kaɗai wurin da kunya ba ta shiga.

Washegari na kafa doka. Ƙarshen kowane darasi akwai tsokana, Fulani gefe ɗaya, Barebari gefe ɗaya, sauran kowa ya zaɓi inda zai tsaya. Sharaɗi ɗaya ne: da Turanci. Wanda Hausa ta suɓuce masa ya faɗi, ɓangarensa ya sha kashi.

Ranar farko kalma ɗaya-ɗaya aka riƙa jifa, saniya, matsoraci, siriri. Kafin a jima suka fara tare ni tun a bakin ƙofar makaranta. Malama, yaya ake cewa rowa? Malama, yaya zan ce jiya ya gudu ya bar takalminsa? Wata 'yar Ngizim da ta bi bayan Fulani ta zo da tambayoyin da suka sa na koma ƙamus ina gumi. Abin da na yi ta fama in cusa musu, yanzu su ke bina suna roƙo, don kawai kada a kayar da su gobe.

Sai dai a kunnen hedimasta abin ya ƙara lalacewa. Da shiru yake ji, yanzu dariya da buga benci. In na gaishe shi da safe sai ya amsa a gajarce.

Ana saura kaɗan a yi hutu ya shigo, ana zafi sosai, babbar rigarsa na shara ƙasa. Yara suka miƙe suka gaishe shi. Ya ɗauki littafi ya karanta layi ɗaya, ya dakata a maimaita. Sun manta yadda ake yi. Wasu suka fara, wasu suka biyo baya, abin ya fito a wargaje. Ya nuna wani yaro a gaba, ya tambaye shi da Turanci me ya karya da shi yau. Yaron nan jiya-jiya shi ya fi kowa baki, amma ya sunkuya yana kallon yatsan ƙafa. Ya nuna wani, haka. Ya nuna wata, haka. Na fara hango kaina a aji ɗaya.

"Malama, kin gani da idonki," in ji shi, ya ajiye littafi ya tattara riga.

Har ya juya, idonsa ya faɗa kan 'yar Fulanin nan a bencin baya. Babarbare ba ya iya ganin Bafulatana ya wuce. Ya ce da Hausa, "Ai dole. Ajin da aka tara Fulanin daji ina zai yi Turanci? Ke 'yar Fillo, gara ki koma ki yi da shanu."

Yaron farko da ya kasa amsawa ne ya ɗago kai, kamar ba da saninsa ba. Ya ce da Turanci, a nan ba a tsokana da Hausa, yallaɓai ka faɗi.

Hedimasta ya dube shi, ya dube ni. Na kawar da kai. Sai ya gyara tsayuwa ya maimaita tsokanarsa da Turanci, tiryan-tiryan.

Yarinyar ta miƙe. Ba ta dube shi ba, bango ta kalla. Da Turancinta mai ɗingishi ta ce shanun babanta ba su bukatar Turanci, amma sun san Babarbare. In saniya ta yi tari, Babarbare bishiya yake hawa. Shi ya sa kullum hedimasta yake zama kusa da bishiya.

Ajin ya fashe. Ni na toshe baki da mayafi. Hedimasta kuwa ba damar fushi, al'ada ta hana. Ya ce mata Fulani don rowa suke ramewa. Ta ce a'a, Barebari ne ke shanye musu nono. Yaran ɓangarensa suka ga nasu zai sha ƙasa, suka shigo taimako, hannuwa suka tashi ta ko'ina.

Tsohon malami ne, na ga lokacin da ya gane abin da ke gabansa. Ya fara sako tambayoyin gaske cikin wasan. Me saniya take ci da rani? Wa ke kai ta kara? In ta yi ciwo yaya ake yi? Babu ɗaya a littafi, kuma suna amsawa, kowa da bakinsa, ana tuntuɓe ana tashi. Aka buga ƙararrawa bai ji ba.

Da ya fita na bi shi waje.

"Malama, Turancin nan nasu duk a karkace yake."

"Haka ne, ranka ya daɗe."

"To ki miƙe shi. Aikinki ne, ajinki ne." Ya yi taku biyu ya tsaya. "Kuma ki gaya wa Bafulatanar nan ban gama da ita ba."

Na zagaya bayan aji na yi dariya har da hawaye. Ban taɓa jin daɗi a aikin koyarwa irin na ranar ba.

Washegari da aka buga ƙararrawa, masinja ya fito da kujera a ka. Ya wuce bishiyar maina bai tsaya ba, ya zo ya dire ta a ɗan inuwar da ke bakin tagata. Hedimasta ya zauna, ya turo hula gaba, ya ce wai rana ce ta canja wuri. Daga bencin baya wata siririyar murya ta tambaye shi da Turanci, ko yau ya daina tsoron saniya.