Dutsen Niƙa a Bayan Gilashi

Sau ɗaya na taɓa shiga gidan tarihi a New York, 'yata ce ta kai ni. A unguwar Bronx aka haife ta. Ina yi mata Hausa, tana amsawa da Turanci.

Muka shiga ɗakin mutanen Aztek da Maya, wasu al'ummun zamanin da. Ban yi boko ba, ita ke karanta mini bayanan. Can na ga dutsen niƙa da ɗansa a bayan gilashi, tsakiyarsa ta lotsa saboda aiki. Na kasa wucewa.

Ta ce masara suke niƙawa a kai. Na ce na mahaifiyata ma haka ya lotsa, sai dai ita gero take niƙawa. Ta rasu ba ni da takardun zuwa gida, shi ya sa ban taɓa iya zancenta ba.

Yarinyar ta ce da guntuwar Hausarta, "Baba, tana waƙa in tana niƙa?"

Na ce tana yi.

Har yau ina Bronx, ina gadi kusa da Fordham Road. Ranar Lahadi takan zo, in ba ta labarin kakarta.